Bakace a Ƙarƙashin Ruwa

Ranar da Tsahiru zai tashi zuwa Agadas
ya sauke mini akwatin gilashi da kifi bakwai.
Ya ce, "Amana."
Bai ce mini komai a kan kashinsu ba.

Ni na gangara Gulbi da buhu,
inda masu amalanke ke lodin yashi,
na ɗebo mai laushin, na wanke shi sau tara
har ruwan ya daina kama da koko.
Na shimfiɗa shi fari fat.

Kwana huɗu ya yi da farinsa.

Sai ga zare-zare, baƙi da ja,
sun taru a kusurwar hagu, bayan dutse,
inda ruwa ba ya kai ziyara.
Da tsakuwa ce, da ta haɗiye ta rufa asiri.
Yashi bai iya kara ba:
abin da aka zubar masa
a fuska yake ajiye shi.

Na sa hannu na dama.
Ruwa ya turnuƙe, ƙasa ta saki kumfa
mai warin ƙwan da kaza ta manta.
Da asuba ɗan jan nan mai tsagaggiyar wutsiya
yana rigingine a sama.
Habsu ta ƙi karyawa.
Ita ce mai zuba musu abinci sau biyar,
wai suna buɗe baki, wai yunwa suke ji.
Na ce, 'yata, kifi ko a ƙoshe buɗe baki yake.
Tsunke ɗaya da safe. Abin da ya kai ƙasa ya zama bashi.

Shekara ashirin ina gyaran babur a Bagalam.
Na san tiyo. Na san zuƙo fetur
daga tanki zuwa kwalba ba tare da na sha ba.
To, na sha sau biyu.
Na yanko siririn, na wanke, na aje bokiti a ƙasa,
na zuƙa, na cusa bakinsa cikin yashi.
Rabin Gulbi ya koma bokiti.

Inna Cima na kallo daga bakin ƙofa, carbi a hannu.
Ta ce, "Kai da ka girma a gindin turmi?
Wa ya taɓa bakace da tono?
Ɗaga hannunka.
Mai nauyi ya san gidansa, dusa ce ke bin iska."

Yanzu duk Juma'a, kafin wanka,
ina riƙe tiyon faɗin yatsa sama da yashi,
ina kewayawa a hankali kamar mai juya fura a ƙwarya.
Ƙazanta ta miƙe, ta yi 'yar rawa, ta shige.
In yashi ya biyo, na matse da babban yatsa,
ya zubo, ya koma mazauninsa.
Ba na kwashe ruwan duka. Kashi ɗaya cikin huɗu.
Sabon kuma sai ya kwana a randa.

Na juya bakin famfo ya dubi kusurwar hagu.
In an ɗauke wuta, komai ya kwanta inda yake,
ni ma haka.

Zogalen bayan ɗaki ne ya ci riba.
Ya wuce katanga, maƙwabta na tambayar takin.

Jiya Tsahiru ya kira. "Suna nan, bakwai?"
Na ce shida.
Layin ya yi shiru, ina jin iskar can.
Ban gaya masa sauran ba, don ban gama ƙirga ba:
mai ƙaton cikin nan ta sauke,
'ya'ya kamar gashin ido, sha ɗaya ko sha uku,
launinsu launin abin da nake kwashewa.

Shi ya sa za ka same ni tsugune bayan magariba,
tocila a baki, cokali a hannu,
ina duba bokitin datti kafin in zubar,
ko akwai wanda ke da idanu.