Ƴar Kat-kat a Garejin Bakoye

Kwana tara ke nan ina bi ta gabanta
kamar wanda ya yar da wani abu a hanyar Ɗan Isa.
Tana tsaye ƙarƙashin dogon yaro,
ƴar gajera, launin tokar murhu,
da taya ta biyar goye a bayanta
kamar mace za ta rijiya da ɗa.

Bakoye ya ce jiya-jiya ta iso daga Kwatano.
Jiyan Bakoye takan kai wata uku.
Ya ce wata tsohuwa ce mai ita, can ƙasar sanyi,
daga gida sai kasuwa, daga kasuwa sai gida.
Duk motar da ke garejin nan ta tsohuwar nan ce.
Baiwar Allah, ta sha tuƙi.

Miliyan huɗu da rabi, takardun duwan a cike.
Ni ban iya jin kuɗi sai na maida su buhu:
buhun aya ɗari da sittin,
kakar bara gaba ɗaya, har da ɗinkin baki,
a ɗora kan ƙafa huɗu, a ce mani bismilla.

Amma bara ɗin nan dai,
a kwarin da ke bayan Cadawa,
babur ya kwanta da ni cikin laka,
littafin bashi ya jiƙe, sunaye suka narke,
gwiwar hagu har yau ita ke fara sanin hadari.
Ran da numfashin Inna ya sarƙe
a amalanke muka kawo ta bakin kwalta,
jaki na tafiyarsa, ni ina ƙirga tarinta.

Na ɗauko Haro makanike.
Ya shimfiɗa kwali, ya shige ƙarƙashinta, ya daɗe.
Ya fito da tsatsa cike da tafi, ja kamar dakakken barkono.
Gishiri ne, in ji shi,
can suna watsa shi a titi don ƙanƙara ta narke.
Na ce mu nan sai a miya, shi ma da awo.
Ya murza baƙin mai tsakanin yatsu, ya shinshina,
ya ce zuciyarta ƙalau, ƙashin ƙugu ne ban lamunta ba,
lambar tafiyarta kuma an yi mata aski.

Muka kai ta yashin gulbi.
Ta nutse, ta yi tari, Haro ya ja ƙaramar giya,
sai ta tattara kanta ta fito
kamar tinkiya ta ji kiran dusa.
Dariyar da na yi, ban so Bakoye ya gani ba.

Cikin aljihun gaba na tarar da safar hannu,
ta yaro, ja, guda ɗaya tak.
To, ko dai tsohuwar na da jika,
ko kuwa babu tsohuwa.

Da dare Tsahara na tsince wake, ba ta ɗago ba.
Ta ce saye ba ya wuya, ciyarwa ce aiki,
mota ba ta cin harawa,
kwalbar mai kullum sai ta ƙara tsawo,
ga kwanon ɗakin yara na yoyo wuri uku.
Wanda ya sayi rariya, in ji ta, ya san za ta zubar da ruwa.
Can kuma, da ta kai faifai ɗaki:
kujerar baya, Inna za ta iya miƙe ƙafa?

Da safe na taya uku da ɗari bakwai.
Bakoye ya dafe ƙirji, ya ce albarka,
ya ce wani ɗan Tasawa na tafe da kuɗi a leda.
Ɗan Tasawan nan ma na san shi,
ƙanen tsohuwar ne.

Na hau babur, hadari na haɗowa daga gabas,
gwiwa ta fara magana.
Sai a ƙofar gida na ji abu mai laushi a aljihu:
safar yaron.
Kayan mutane ne.
Gobe dole in koma in mayar.