Ƙashin Gawayi

Sallau ne ya kawo shi daga Kano, a kan rufin mota,
ƙashin keke tsirara, ba taya, ba sarƙa, ba sirdi.
Na ɗaga shi da yatsu biyu.
Zakaran gidanmu ya fi shi nauyi.

Shekara talatin da ɗaya ina gindin darbejiyar nan, a Gagarawa,
ina miƙar da ƙashin Fonis da na Rali,
ƙarfen da in ka doke shi yakan amsa.
Wannan na manna masa mayen ƙarfe, ya zame ya faɗi.
Ilu mai walda ya zo, ya shafa, ya shinshina,
ya ce, "Wannan ba ya ga maciji da wuta,"
ya mai da tabarau goshi, ya koma rumfarsa.

Wai kabon sunansa, in ji Sallau,
zaren gawayi aka saƙa, aka daskarar da gam.
Na tsere ne.
Waɗanda suka yi shi ba su san
ana kai riɗi Maigatari ran Alhamis ba,
ba su bar ko ƙofa ɗaya ta ɗaura kariya ba.

To, ni na huda.
Ran Talata ce, bayan la'asar.
Mahuji ya shiga kamar cikin kabewa,
har na fara murmushi,
sai na ji ƙas,
irin ƙarar busasshen kara in akuya ta taka.
Sallau bai ce komai ba. Kuɗin tunkiyarsa ce.

Da dare Inna Tabawa ta laluba ta fito,
ita da ta gina randuna har idonta ya ƙi.
Ta kwance tsohon sule daga bakin zane,
ta bi ƙashin tana ƙwanƙwasawa, kunne a kusa.
"Nan da rai.
Nan ma da rai.
Daga nan zuwa nan ya mutu."
Idona ya ga tsagar yatsa guda,
kunnenta ya auna taƙi.
Ta ce, "Wa ya gaya maka ana huda abin da aka saƙa?
Naɗe shi ake yi."

Sai na sa samfefa.
Baƙin gari ya zubo, mai laushi kamar kwalli,
na ɗaure hanci da jiƙaƙƙen tsumma, na kori yara,
hannuwana suka kwana uku suna ƙaiƙayi.
Na ciro ramar da muka jiƙa bara,
na taje ta da tsohon matajin ƙarfe.
Gam mai ruwa biyu na dama a murfin gwangwani,
ba ya jiran mutum, in ka tsaya gaisuwa ya sandare.
Na shimfiɗa rama, na ɗora kunnuwan ƙarfe biyu
da na yanko daga kariyar Fonis ɗin mahaifina,
na naɗa ta dama, na gitta ta hagu,
na sake, na sake,
na tamke da zirin tub
har gam ya yi gumi ta gefe.

Kwana biyu yana rataye a zaure.
Duk wanda ya shigo sai ya miƙa hannu, in buge.

Da na warware, ga kulli nan ruwan ƙasa a jikin baƙi,
kamar ɗorin ƙafar ɗan akuya.
Ba kyau. Na sani.
Inna ta ƙwanƙwasa, ta daɗe ba ta yi magana ba,
sannan ta miƙo mini sulen.

Alhamis, rabin buhu kawai na yarda a ɗaura.
Sallau ya hau kafin rana ta fito,
na bi shi da kunne har bayan rijiyar makaranta.

Ban ce zai kai kakar baɗi ba.
Kullum magariba in ya jingina shi,
nakan ciro sule daga aljihu,
in durƙusa, in tambaye shi.