Baron da Ke Sauraron Ƙasa

A Badagiri, bayan tsohuwar kasuwa,
inda iska ke barin gishiri a leɓe,
aka miƙo mini baro marar kaya,
aka ce, "Jatau, tura a hankali
kamar ka ɗauko kiret ɗin ƙwai."

Shekara tara na yi ina turin baro a Mil Tuwal,
doya, albasa, kwandunan tumatir,
ban taɓa tura abin da ke kasa kunne ba.

Dakta Morenike ta kafa turaku,
ta ja igiyoyi, taku ɗaya tsakaninsu,
fili ya koma kamar za a yi dara.
Ta ce akwatin da ke gogar yashin nan
kira yake aikawa ƙasa,
kira marar sauti,
duk abin da ya tarar can sai ya amsa.
Na ce, "Sallama ke nan."
Ta ce, "Kusan haka."

Gilashin toka-toka, sai ka ce talabijin ta lalace.
Can sai ga wata lanƙwasa
kamar ƙwarya a kife.
Gabana ya faɗi.
Muka tona kamu uku,
bututun famfo ne, tsatsa ta gama da shi.
Sewanu ya yi dariya har ya zauna a kan shebur.

Kusa da ruwa kuwa akwatin kurmancewa yake yi,
laka mai gishiri ta haɗiye kiran,
ko uffan.

Ranar Laraba, layi na goma sha bakwai,
amsa ta zo, ta sake zuwa a layi na gaba,
da aka harhaɗa sai ga da'ira,
bakin rijiya ko gindin ɗaki,
zurfin tsayin mutum.
Dakta ba ta yi ihu ba.
Ta cire malafa, ta daɗe tana kallo.
Ta ce bana ba za a tona ba, kuɗi sun ƙare.
Aka shafa wa turke jan fenti.

Kakata takan ce wani kakanmu
ya biyo fatake har bakin teku,
bai koma ba, ko labarinsa.
Ban gaya wa Dakta ba.

Da magariba ta kawo jiki na dawo ni kaɗai,
takalma a hannu,
na tsaya a gindin jan turken
na yi sallama.
Yashin da sauran ɗuminsa.
Ni dai ba ni da gilashin da ke nuna amsa.