Moɗar Baba Kiyari

A Zangon Damagaram, bayan la'asar,
gindin dalbejiya, gaban shagon Mutari mai walda,
Baba Kiyari kan baje allon eshek.
Soja ɗaya ya ɓata tun bara,
murfin kwalba ke riƙe gurbinsa.

Ya tura sojan gaban sarki taki biyu.
Na tura nawa, goshi da goshi.
Sai ya ɗauko murfin nan
ya aje mini a baki,
ba mai tsaro, ba ɗan rakiya.

Na cafke.
Mutari ya ɗaga gilashin walda, ya ce,
banza ba ta kai zomo kasuwa.

Doki ya fito. Giwa ta leƙo ta gicciye.
Sojoji biyu suka yi kaka-gida a tsakiya,
sarkinsa ya shige lungu ya ja ƙyaure,
hasumiya ta sami titi fetal
har ƙofar ɗakina.
Ni ko ina can ina gadin ribar murfi,
mayaƙana na barci a layin baya.
Shayi bai huce ba aka gama da ni.

Ya ce, shekara talatin na yi a kamfanin ruwa.
Famfo in ya sha iska, ba a roƙonsa.
Moɗa ɗaya da ta rage maka,
a garin da jarka ke kwana a layi,
ita za ka juye masa a wuya
kana kallo tana tafiya.
Soja na ba ka, lokaci na saya.

Wata bakwai ina shan kashi.
Ran wata Laraba fari ya faɗo hannuna.
Na tura murfin, yatsana na rawa.
Ya daɗe yana kallona ta saman tabarau,
ya ci.

Na fito da doki, na fito da giwa,
na buɗe titi kamar yadda ya koyar.
Ya tare nan, ya toshe can,
ya mayar mini da sojan a kan kari,
kafin kiran magariba sarkina ba mafita.

Na ce, Baba, ai na zuba moɗar!
Yana tattara mayaƙa cikin gwangwanin madara
ya ce, wani lokacin rijiyar ce ta ƙafe.
Gobe ma ka zuba.