Teburin Baba Mumuni

Shekara goma sha ɗaya yana jingine bayan ɗakin girki,
ƙafa ɗaya bisa bulo, kamar tsoho mai ciwon gwiwa.
Kaji sun kwana kansa,
ruwan Kumasi ya dake shi har ya gaji.
Ran Asabar na jawo shi tsakar gida.
Lantana ta ce, "Ba ni shi in dafa wake."
Na ce, "Nemi gawayi."

Na kira Wofa Ampofo daga bakin titin Aboabo.
Ya ƙwanƙwasa, ya kasa kunne kamar mai sayen kankana.
"Ƙafafun odum ne, gara ta gwada ta haƙura.
Saman kuwa wawa ne."
Na tuntsire da dariya.
Ya ce ba zagi ba ne, sunan itacen ke nan a bakinsu,
katako mai laushi,
abin da aka yi masa duk sai ya riƙe.

Sidi arba'in: samfefa, burushi, gwangwanin banish.
Fasasshiyar kwalba kyauta ce.

Na fara kankara.
Shuɗi ne a sama, na shekarar sunan Tanko.
Ƙarƙashinsa kore,
ragowar fentin ƙofar masallaci da Inna Azumi ta roƙo.
Ƙarƙashin koren ruwan ƙasa, wanda ban san mai shi ba.
Kowane ya fita a nannaɗe kamar ɓawon albasa,
ƙura ta shiga hancina, ta zauna a girata,
yatsana ya tsage, na tsotse, na ci gaba.

Da la'asar rana ta karkato ta gefen tankin ruwa,
ta kwanta kan katakon,
sai na ga layuka.
Na ɗauka ƙaiƙayin kaji ne.
Na shafa da jiƙaƙƙen tsumma.

Rubutu ne.

Nan Baba yake zama da biro da takarda mai shara-shara,
yana rubuta wa mutane wasiƙa:
'yan dakon goro, masu gadi, matar da ɗanta ya tafi Abijan.
Hannunsa nauyi gare shi, ko tuwo zai yanka.
Wasiƙun sun tafi Salaga, Bawku, Dosso, Sakkwato,
sawunsu ya tsaya a gida.
Boko daga hagu, ajami daga dama,
sun haɗu a tsakiya sun sarƙe kamar zaren masaƙa,
koren fenti ya cike ramukan.

Na durƙusa ina tsinta.
"Bayan gaisuwa" ya fi sau ɗari, ɗaya kan ɗaya, har ya yi kwari.
Can gefe: "kuɗin ba su"
sai wani layi ya taka shi.
"Ku ce wa Gambo kada ya sayar da"
da me? Gona? Saniya?
Kusa da inda gwiwar hannunsa ta cinye katako:
"ina nan tafe bayan salla."
Ban san ko mai maganar ya tafi ba.
A Zango mun san irin wannan sallar.

Samfefa na hannuna, sabuwa, mai kaifi.
Minti goma ya isa saman ya yi sumul
kamar na shagon Adum.

Na mayar da ita leda.

Ƙafafun na goge har suka yi launin zuma,
na ɗaure mai ciwon da gam da ƙusa biyu.
Saman kuwa banish kawai, siriri, shafa ɗaya.
Hadari ya taso daga wajen Asawase,
muka kinkime shi da Lantana, tana mita,
kwana uku yana danƙo a falo, gidan duk wari.

Yanzu Rakiya ke aikin makaranta kansa.
Ta gaji kakanta wajen danna biro.
Jiya ta ce, "Mama, takardata na hujewa,
ba ni littafi in sa a ƙasa."
Na ce, "Ina zuwa,"
na tsaya bakin ƙofa
har ta gama layin.