Matakala Ɗari Biyu da Sha Ɗaya

Shekara ashirin da bakwai ina zaune
a kujerar kwandasta, cikin bas ɗin asuba
da ke saukowa daga tudun Nova Descoberta
zuwa tsakiyar Recife.
Hannuwa na sani, ban san fuskoki ba:
hannun mai fenti, hannun mai wankau da sabulu ya cinye,
hannun da ke rawa yana ƙirga sulalla.

Sai aka kawo na'ura mai karanta kati.
Ba ta gajiya, ba ta ciwon baya.
Aka sallame ni da takarda da agogon bango.
Na rataye shi,
muka zuba wa juna ido har wata tara.

Zuleide ce ta leƙo ta taga, kanta cike da kumfa:
"Asibitin unguwa na neman masu bin gida-gida.
Valdenice, ke da kika san kowa, zaman me kike?"
Na ce ban san kowa ba.
Ta ja tsaki, ta koma wankin kanta.

Ina da hamsin da huɗu na zauna jarrabawa
tsakanin sa'o'in ɗan autana,
tabarau ɗaure da zare.
An ce ice tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.
Ni busasshe ne, sai dai na kwana a ruwa.

Yanzu ga riga shuɗiya, ga jaka, ga littafi,
ga matakala ɗari biyu da sha ɗaya
daga bakin titi zuwa gidan ƙarshe.
Gwiwata ta ƙirga su, ba ta yafe ko ɗaya ba.
Ina kife tsofaffin tayoyi kada sauro ya yi gida,
ina duba katin rigakafi,
ina rigima da Marlene a kan gishiri,
tana rantsuwa, tukunya na ƙaryata ta.

Ƙofa ɗaya ta ƙi ni mako uku.
"Ba na sayen komai, ba na zaɓen kowa!"
Ran nan ya miƙo hannu zai ja sakata,
na ga ɗan yatsan da babu, na ga rawar.
Na ce, "Kai ne na ƙarfe biyar da kwata.
Kullum kuɗinka ba ya cika."
Shiru.
Can ya ce, "Ke ce mai kau da kai?"

Sunansa Genival. Shekara goma yana wuce ni.
Ƙafarsa na naɗe cikin tsumma,
warin ya riga shi magana.
Ciwon suga ne, ya daɗe yana ci a ɓoye.
Samari huɗu suka sauko da shi a kujerar roba,
yana zagina tun daga sama har ƙasa.
Yatsu biyu suka tafi. Ƙafar ta tsaya.

Ba duka nake ci ba.
Aurelina na ce wa, "Sai Litinin,"
Litinin ta zo, ita ba ta nan.
Har yau in na kai matakala ta tamanin
sai na tsaya, in ce numfashi nake mayarwa.

Albashin bai kai na da ba,
takalmi uku na kashe a bana.
Amma da daddare in ruwa ya kece a kan tudu
na san rufin da ke yoyo,
na san mai juna biyun da watanta ya kama,
na san wanda zai ce ya sha magani, bai sha ba.

Jiya Genival ya tsare ni a ƙofa,
ya juye min sulalla a tafin hannu.
"Cikon kuɗin mota," in ji shi.
Na ƙirga don sabo.
Har yanzu bai cika ba.
Na ce ya naɗe hannun riga, mu ga jinin.