Shafi Takwas

Takarda ɗaya tak Malam Jabbi ya yarje mana.
Ku ninka ta sau uku, ya ce, ku tsaga cibiyarta da reza,
ta zama 'yar mujalla mai shafi takwas.
Ranar Alhamis nake son gani.

Na zaɓi wasannin gem,
don ƙanena Sahabi ya ƙarar da rabin ƙuruciyarsa
a shagon Altine na Mabera,
inda janareta ke tari, yara na ihu,
naira ɗari, minti goma sha biyar.
Na shiga da biro da littafin zane.
Ni kaɗai ce mace. Aka dare mini a benci
kamar an ga mai karɓar haraji.

Suna ne ya fara kayar da ni.
Na dambe bai wahalar ba, na tsere ma haka,
na ƙwallo ko jariri ya san shi.
To wannan fa, da ɗan mutum ke dira daga dakali zuwa dakali,
ƙasa rami, sama tsabar zinariya?
Na rubuta "ɗan tsallake", na soke.
Na rubuta "langa", Sahabi ya yi dariya har da riƙe ciki.
Wanda ake ratsa duhu da tocila mai shirin mutuwa
na raɗa masa "kada ka waiwaya".
Wannan ban soke ba.

Bangon gaba ya ci shafi, na baya ya ci shafi.
Shida suka rage, iri tara a hannuna.
Dare biyu ina rabon gado.
Harbi da dambe su kwana ɗaki ɗaya,
tsere ya miƙe ƙafa a tsakiya,
don hanya ba ta son matsi.

Haruffan da raina ya so, masu kusurwa kamar tubali,
ba su san ƙugiya ba.
Ƙ ta fito akwati, ɗ ta fito akwati,
"ƙwallo" ya tsaya ba kai.
Na zauna ina ɗaura wa kowace ƙugiyarta,
ɗigo kan ɗigo,
har ladanin unguwarmu ya yi gyaran murya.

Na kai wa kakana Arzika a Madunka.
Ya aje basilla, ya goge hannu, ya nisanta takardar da ido,
ya tsaya kan shafin wasan dabara.
"Wagga ai dara ta, an dai ɗebe mata ƙasa.
To ina masu kallo ka zamnawa?"
Ban ba shi amsa ba.
Ya ɗauki ƙahon da yake goge fata,
ya danne mini ninkin har ya kwanta.

Na so jan fatar akuya da shuɗin baba,
injin kwafi na Rijiyar Ɗorowa bai san kowa ba sai baƙi da fari.
Ja ya koma toka.
Shafin "kada ka waiwaya" ya fito baƙi ƙirin,
tocilar kaɗai ta tsira.
Mai injin ya ba ni haƙuri. Na ce ƙaro ashirin.

Malam Jabbi ya rubuta "tazara ta yi kaɗan",
ya ba ni abin da ya ba ni.

Sauran na zube su a shagon Altine.
Bayan mako na leƙa:
ɗaya ta zama mafici,
ɗaya na tallafe da gurguwar ƙafar benci.
Ta uku, a gefen da Malam ya ce ba tazara,
wani ya cusa rubutu da fensir:
"Anti kin mance namu,
na masu tsayuwa baya, da ba su da ɗari."

Na waiwaya.
Su huɗu ne jingine da bango,
idanu kan allo, hannuwa wayam,
manyan yatsunsu na danna iska.

Na sayi sabuwar takarda a hanyar gida.
Har yanzu shafi takwas ne.
Ina ta duban harbi, ina duban dambe.